Keke mai canjin giya na gwanjo da ciwon cinyar da ya biyo baya: ra'ayina kan keken, shagon da mai gyara

Keken yana da kyau, shagon da suka saida min basu kyauta ba, wani dattijo mai gyaran keke kuma shine ya raba ni da ciwon ƙafa. In a gajarce ake so to ra'ayin nawa kenan, amma bari na warware zancen dan nasan mutane da yawa sun koma hawa keke tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin adaidaita sahu ya tashi sama bai sake saukowa ba, kuma da yawa daga masu sayen keke irin mai giyar nan na gwanjo suke nema, sai kaji mutum bai daɗe da saye ba yana cewa keken nan ya kashe min ƙafa saida shi zanyi. Dan Allah kar ka saida tukunna.

Ni dai ba sabon shiga bane a harkar keke. Shekara da shekaru Phoenix nake hawa, baƙin nan ɗan Shanghai mai taya inci 28 da kariya a baya da birkin ƙarfe, wanda a unguwa har buhun masara ake ɗora masa. Iyayenmu kuma Raleigh suka hau, wanda a da har masana'antarsa akwai a nan Kano. Daga Rijiyar Zaki nake tasowa in bi ta Kabuga da Tal'udu in shiga gari har kasuwar Kwari, kuma ban taɓa sanin wani abu wai shi ciwon cinya ba sai dai gajiya ta yau da kullum wadda in ka kwanta ka tashi ta wuce. Abinda yasa na canja kawai nauyinsa ne da kuma rashin giya, in iska ta taso maka ta gaba lokacin hunturu ko kazo hawan gada sai ka miƙe tsaye akan feda kana nishi.

Wanda na saya mai taya inci 26 ne, bodin alminiyam, giya 21 wato faranti uku a gaba bakwai a baya, kayan giyar Shimano ne na Japan kuma na asali dan akwai jabu da yawa a kasuwa masu kwaikwayon rubutun. Yana da shok a gaba, taya mai ƙuraje irin ta shiga daji, birkin waya. Da hannu ɗaya nake ɗaga shi in tsallaka kwata in shigar dashi soro, abinda da tsohon kekena sai na sa hannu biyu. Birkinsa yana kamawa sosai, giyar tana shiga ba gardama, fentin ya ɗan goge a wasu wurare amma ba tsaga ba walda. Kuɗinsa in na gwada da abinda zan kashe a adaidaita zuwa da dawowa in ba keke, a 'yan watanni ya fanshi kansa. Ta wannan ɓangaren bani da ƙorafi ko kaɗan.

Toh amma ranar farko da naje kasuwa na dawo dashi, da daddare lafiya lau, washegari da asuba da na zo tashi daga sujjada sai naji gaban cinyoyina duka biyu sun riƙe, daga saman gwiwa har kusa da matsematsi, kwana na biyu ya fi na farko tsanani, saukowa daga bene ma sai na dafa bango, tsugunno a banɗaki kuwa ba'a magana. Bayan wannan sai sha-raɓa ta ɗauka, sai kuma wani ciwo daban a daidai ƙoƙon gwiwa wanda shi baya jira sai gobe, ina kan keken yake farawa musamman in na taso daga danja ko ina hawa tudu.

A nan ne nake so a fahimci abu ɗaya dan shine ya fi min amfani a duk abinda na koya, ciwon nan kala biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya bane. Na farko shine tsamin tsoka na sabon aiki. Duk lokacin da tsoka tayi aikin da bata saba ba, zaruruwan cikinta suna samun 'yan ƙananan raunuka da ido baya gani, jiki ya shiga gyara, shi yasa ciwon baya zuwa nan take sai bayan awa 12 zuwa 24, ya kai ƙarshen zafinsa tsakanin awa 24 da 72, kuma yawanci kafin sati ya cika ya tafi da kansa. Wannan ko wane keke ka canja zaka iya jinsa, saboda zaman ya canja. Akan Phoenix a miƙe kake zaune ƙirji a buɗe, akan wannan kuwa ka ɗan duƙa gaba, mazaunai da bayan cinya sun shigo aikin da da basa yi sosai, fedojin ma sun ɗan fi nisa da juna dan haka ƙafa a buɗe take takawa. Irin wannan ciwon a cikin naman yake, ƙafa biyun duka, in ka danna kaji tsami, in ka fara motsi jiki yayi ɗumi sai ya ragu. Na biyun kuma shine wanda keken da kansa yake jawowa saboda ba'a daidaita shi da tsawon mai shi ba, shi wannan baya tafiya da sati, kullum ƙaruwa yake, kuma a wuri ɗaya yake tsayawa kamar gwiwa ko agara. Ni duka biyun suka haɗu min, na farkon ya wuce ya bar ni da na biyu.

Yanzu maganar shagon. Bazan kama suna ba amma duk wanda ya taɓa zuwa layin masu kekunan gwanjo yasan yadda ake yi. Kekuna jere a rataye wasu a ƙasa, ka nuna wanda kake so, yaron shago ya sauko dashi ya buga masa iska, yace hau ka gani Alhaji. Da na hau sai ya kalli ƙafata yaga yatsuna ne kawai ke taɓa ƙasa, nan da nan ya kwance sirdin ya dannashi ƙasa har saida tafin ƙafata duka biyu suka zauna daram a ƙasa ina zaune, yace yauwa yanzu yayi daidai da kai. Kuma ya bar kacar akan babban faranti na gaba da ƙaramin haƙori na baya, yace a nan yafi gudu. Babu wanda ya tambayi tsawona, babu wanda ya nuna min yadda ake sauya giya, aka karɓi kuɗi aka ce Allah ya sa alheri. Wallahi abin yana min ciwo, dan waɗannan abubuwa biyu da yaron yayi sune ainihin abinda yake lalata gwiwar mutane, kuma ba da mugunta yayi ba, shima haka ya gani ana yi. Amma mai shago da yake cin riba a kan keke ya kamata ace yasan wannan ya koya wa yaransa, aikin minti biyar ne. Da na koma nayi masa bayani sai cewa yayi ai sabo ne zaka saba, in kuma baka so ka kawo mu saya amma da ragi. Ta wajen kaya da farashi shagon ba laifi, ta wajen kula da mai saye bazan tura ɗan uwana can ba sai dai in tare zamu je.

Mai gyaran kuma a bakin titi yake ƙarƙashin bishiyar darbejiya, dattijo ne da furfura, akwatin ƙarfe ɗaya da famfo da bokitin ruwan duba faci, tsofaffin tayoyi a rataye a reshe. Faci na tsaya yi ba wani abu ba. Yana cikin aiki ya ɗago ya kalli sirdin ya kalle ni yace, ɗana wannan keken naka ne ko na ƙaninka ka aro? Nace nawa ne Baba. Yace to gwiwarka bata ciwo? Nace Baba ita ce ma ta dame ni. Yace ai dole.

Abinda yayi a gabana shine, ya jingina keken da bishiya ya riƙe kan, yace in hau in ɗora dunduniyata akan feda, ba tsakiyar ƙafa ba dunduniya, sannan in juya fedar baya har ta kai can ƙasa. Gwiwata a lanƙwashe take sosai a wurin. Ya sa na sauka ya ɗaga sirdin, na sake hawa, ya sake ɗagawa, har saida ya zama in dunduniya tana kan feda a ƙasa ƙafar ta miƙe sak amma ƙuguna bai karkata gefe ba. Yace to yanzu mayar da ƙafarka yadda ake tuƙi, tudun nan na bayan babban yatsa shi zaka ɗora a tsakiyar feda. Da nayi haka sai gwiwar ta ɗan lanƙwashe kaɗan kawai. Ya ɗauko ƙusa ya ɗan ja layi a jikin ƙarfen sirdin yace ko wani ya ara ya sauke maka ga shaidarka. Kusan faɗin yatsu huɗu aka ɗaga. Ya kuma nuna min wani layi da kamfani suka yi a jikin ƙarfen tun asali, yace wannan kar ka taɓa bari ya fito waje, in ya fito ƙarfen da ya rage a ciki yayi kaɗan zai iya karyewa ko ya fasa bodin, in har sai ka wuce shi kafin keke yayi maka daidai to keken ne yayi maka ƙanƙanta.

Nace Baba to yanzu ai ƙafata bata kaiwa ƙasa. Yace dama ba'a zaune ake tsayawa ba, in zaka tsaya ka zamo gaba ka sauka daga sirdin ka sa ƙafa ɗaya, sirdi na tuƙi ne. Kwanakin farko abin yana da ɗan ban tsoro a cikin cunkoson Kwari inda adaidaita zai iya shan gabanka ba sigina, amma hannu da ƙafa suna sabawa da wuri.

Daga baya da na bincika sai naga abinda dattijon nan yayi da ido shine dai abinda masana suke aunawa da na'ura, suna so in feda tana can ƙasa gwiwa ta lanƙwashe da kamar digiri 25 zuwa 35. Akwai ma lissafin da aka fi sani da sunan Greg LeMond, ɗan Amurkan da ya ci gasar tseren keke ta Tour de France ta Faransa a 1986 da 1989 da 1990. Zaka tsaya ba takalmi ka jingina da bango, ka matse littafi a tsakanin cinyoyinka har sama, a auna daga ƙasa zuwa saman littafin da tef ɗin tela, abinda aka samu a ninka da 0.883, amsar ita ce nisan daga tsakiyar ƙarfen da fedoji ke juyawa akai zuwa saman sirdi. Misali wanda ya samu santimita 80, sirdinsa zai kama wajen 70.6. Ba wai aya bace, mafari ne, daga nan sai ka dinga gyarawa kaɗan kaɗan kamar milimita 3 zuwa 5 a lokaci ɗaya kana sauraron jikinka.

Dalilin da yasa gajeren sirdi yake cin gaban cinya kuwa a fili yake, ƙafar bata taɓa miƙewa ta huta, kullum a naɗe take tana tura nauyi, kamar tsallen kwaɗon da ake sa ɗalibai a makaranta ne kake yi tun daga gida har kasuwa. Tsokar gaban cinya ita ke ɗaukar kusan komai, ƙoƙon gwiwa kuma yana dannuwa da ƙashin da ke bayansa a duk juyi. In kuma sirdin yayi tsawo da yawa sai ciwon ya koma baya, bayan gwiwa da bayan cinya da agara, zakaga mutum yana tuƙi ƙugunsa yana rawa hagu da dama yana miƙa yatsu dan ya kamo feda. Dan haka wurin da ciwon yake shi zai gaya maka inda zaka gyara, gaba ne a ɗaga, baya ne a sauke. Shi ma sirdin ana tura shi gaba ko baya akan ƙarafunan nan biyu na ƙasansa, kuma ya kamata ya kwanta daidai, in hancinsa ya kalli ƙasa zaka dinga zamewa gaba cinya da hannu suna tare ka, in ya kalli sama kuma gabanka zai dinga yin mijirya wanda wannan ba abin wasa bane ga namiji.

Sai maganar giya wadda ita ce rabi na biyu na matsalar. Mu da muka taso da keke mara giya mun saba da taka feda da ƙarfi a hankali, sai muke ganin in feda tayi sauƙi kamar wasa ake ba tafiya ake ba. Baba yace min giya mai nauyi ta gangara ce da titi miƙaƙƙe in ka riga ka ɗau gudu, amma tasowa daga tsaye da ita ko hawa gada da ita, gwiwarka kake ba wa aikin da kaca ya kamata tayi. Ya mayar min da kacar faranti na tsakiya a gaba, yace a nan zaka zauna yawancin tafiyarka, ka dinga wasa da na baya kawai. Ƙafa ta dinga juyawa da sauri ba nauyi, masu harkar suna cewa kamar juyi 70 zuwa 90 a minti ɗaya. Kafin ka tsaya a danja ka sauko da giya tun kana tafiya dan irin wannan giyar bata canjuwa a tsaye, lokacin canjawa kuma ka sassauta takun kar ka danna, in ba haka ba zakaji ƙarar kaca tana cin haƙora. Ranar da na fara hawa gada a giya mai sauƙi ina zaune ban miƙe ba, numfashi ne ya ƙaru amma cinya shiru, a nan na gane amfanin kuɗin da na biya.

Abinda Baba ya karɓa a hannuna kuɗin faci ne kawai, saida na matsa masa sannan ya karɓi ƙari. Irin waɗannan dattawan suna nan a kusan kowace unguwa kuma wallahi ba'a basu darajarsu.

Akan magani, dan nasan abinda yawancinmu muke yi shine mu wuce kemis a haɗo mana. Tsamin tsoka na sabon keke baya buƙatar haɗi. Ruwan ɗumi, ɗan man zafi, tausa mara ƙarfi, bacci, da rage nisan tafiya na 'yan kwanaki, in ka samu hali ka dinga hutar da ƙafar kwana ɗaya tsakani har ta saba. Kwanciya gaba ɗaya ma bata taimakawa kamar ɗan motsi mara nauyi. Ibuprofen da diclofenac da ake sha kamar gyaɗa suna cin ciki, kuma in mutum yana tuƙi cikin zafin Afrilu da rana take kaiwa digiri 40 ga gumi ga ƙarancin ruwa a jiki, ƙoda suke wahalarwa, balle mai azumi ko mai olsa. Tramadol kuwa dan Allah kar ma a fara, ya rufe maka ciwon kaci gaba da lalata gwiwar baka sani ba, ga kuma abinda ya mayar da matasanmu. A sha ruwa sosai, wanda tsokarsa take ɗaurewa da daddare ya duba ruwan da yake sha da kuma yawan aikin da ya ɗora wa ƙafar lokaci ɗaya.

Amma akwai ciwon da ba na sirdi bane kuma ba'a jira dashi. In sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tayi zafi tana ciwo ko ba'a taka ba, yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, asibiti ake zuwa a ranar kuma ba'a tausa shi. In fitsari ya koma kalar baƙin shayi bayan tafiya mai wahala ga ciwon tsoka mai tsanani, shima asibiti kai tsaye. Mai sikila ya san ciwonsa daban ne, kar ya ɗauka tsamin keke ne. In kuma an gyara sirdi an gyara giya an huta amma gwiwa tana kumbura ko tana maƙalewa bayan sati biyu zuwa uku, akwai asibitin ƙashi na Dala, akwai sashen gashi da motsa jiki a asibitin Malam Aminu Kano, a je a duba.

Ni dai bayan gyaran, ciwon ƙoƙon gwiwar ya dinga raguwa har na daina tunawa dashi, bayan cinya ya ɗan yi tsami na 'yan kwanaki saboda shima sabon aiki ya samu, daga nan shikenan.

Sauran abinda bana so a keken guda uku ne kuma gara mai saye ya sani. Tayar nan mai ƙuraje akan kwalta tana jan ƙafa, kana jin gurnaninta, in iska ta ragu kuwa abin ya ninka, dan haka a duba adadin iskar da aka rubuta a gefen tayar a dinga cikawa, ni da ta cinye zan sa mai santsi ce. Shok ɗin gaba na irin waɗannan kekunan yawanci ya riga ya gaji kafin su iso mana, yana lotsawa duk lokacin da ka taka da ƙarfi yana shanye maka ƙarfin a banza, in da zan sake zaɓe mara shok zan ɗauka dan cikin gari. Sannan baya zuwa da kariya ko madigadi, da damina ruwan titi har ƙeya yake watso maka, dole ka ware kuɗin sa su daban, kuma ko an sa kariyar bata ɗaukar kaya irin na Phoenix, mai ɗauko buhu ko jarkoki ya riƙe tsohonsa.

Wanda zai je saye ya tafi da tef ɗin tela a aljihu da lissafinsa a rubuce. Ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa ya tabbatar akwai 'yar tazara tsakaninsa da ƙarfen sama, ya sa a kwance sirdin a gabansa a ga yana hawa yana sauka dan wasu na gwanjon tsatsa ta kama ƙarfen ya ƙi motsi sam, irin wannan ko kyauta ne matsala ne. Ya ɗaga tayar baya ya juya feda a bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya duba haƙoran faranti in sun yi tsini sun cinye, kuma ya sayi alanki mai lamba 4 da 5 da 6 ya ajiye a jaka, dan yawancin kusoshin sirdi da na kan keken da su ake kwancewa.